Zaɓen Shekarar Mara da na Cike Gurbi a Amurka: Yadda Kujera Ɗaya ke Juya Akalar Jiha

A ranar 4 ga Janairun 2018, a Richmond, babban birnin jihar Virginia, shugaban hukumar zaɓen jihar ya zura hannu cikin wani kwanon tangaran da aka aro daga gidan adana kayan fasaha na jihar, ya ɗauko ɗaya daga cikin 'yan gwangwanaye biyu irin waɗanda ake zuba fim ɗin hoto a ciki. Da ya buɗe, sai ga sunan David Yancey na jam'iyyar Rifablikan. Da wannan aka raba gardamar mazaɓa ta 94 da ke birnin Newport News, inda Yancey da abokiyar karawarsa Shelly Simonds ta jam'iyyar Dimokurat suka tashi da ƙuri'a 11,608 kowannensu. A daren zaɓe Yancey ne ke gaba da ƙuri'a 10. Da aka sake ƙirga, Simonds ta wuce shi da ƙuri'a ɗaya tal. Washegari alƙalai uku suka duba wata takardar zaɓe da mai ita ya cike gurbin sunayen duka biyun sannan ya ja layi a kan na Simonds, suka yanke hukunci cewa ta Yancey ce. Mai jin Hausa zai lura da wani abin sha'awa a nan, domin kalmar ƙuri'a da muka aro daga Larabci asalin ma'anarta ke nan, a jefa a ga wanda rabo ya faɗa wa, kuma a wannan rana Amurkawa sun mayar da kalmar gidanta na asali.

Abin da ke cikin kwanon ya fi kujera ɗaya. Majalisar wakilan Virginia tana da kujeru 100, kuma kafin zaɓen Nuwamban 2017 Rifablikan na da 66, Dimokurat na da 34. A zaɓen Dimokurat ta ƙwace 15. Da sunan Simonds ne ya fito, da majalisar ta rabu 50 da 50, dole a raba shugabancin kwamitoci da kujerar kakaki ta hanyar sulhu. Da sunan Yancey ya fito, Rifablikan ta riƙe majalisar da 51 da 49 har na tsawon shekara biyu.

Tambayar farko ita ce me ya sa ake zaɓe a Virginia a 2017, alhali ba shekarar zaɓen shugaban ƙasa ba ce, ba kuma ta zaɓen majalisar tarayya da ake yi a rabin wa'adinsa ba. Tun ƙarni na 19 dokar tarayya ta tsayar da ranar zaɓen shugaban ƙasa da na majalisar wakilai ta tarayya a Talatar da ke bin Litinin ta farko a watan Nuwamba, kuma ana yin su ne a shekarun da lambarsu ke rabuwa biyu, wato shekarun cika, kamar 2022 da 2024. Amma wannan doka ba ta shafi muƙaman jihohi ba. Kowace jiha tana da kundin tsarin mulkinta, ita ke tsayar da lokacin zaɓen gwamnanta da na 'yan majalisarta. Jihohi 46 sun zaɓi su haɗa zaɓen majalisunsu da na tarayya, saboda sauƙi da rage kashe kuɗi. Huɗu suka ware kansu suna yi a shekarun mara, wato waɗanda lambarsu ba ta rabuwa biyu: Virginia da New Jersey da Louisiana da Mississippi. Kentucky tana tsaka-tsaki, domin tana zaɓen gwamna a shekarar mara, 'yan majalisa kuwa a shekarar cika.

Su ma huɗun ba tafiyarsu ɗaya ba. Virginia da New Jersey suna zaɓen gwamna shekara ɗaya bayan na shugaban ƙasa, kuma suna sabunta majalisar wakilansu duk shekara biyu, don haka babu shekarar mara da za ta wuce ba a buɗe rumfunan zaɓe a cikinsu ba. Louisiana da Mississippi suna zaɓen gwamna da dukan 'yan majalisa a lokaci guda, sau ɗaya a shekara huɗu, a shekarar da ke gab da ta zaɓen shugaban ƙasa. Louisiana tana da nata salon tun 1975, inda ake zuba dukan masu neman kujerar majalisar jiha, ko daga wace jam'iyya suke, a takarda ɗaya a watan Oktoba, wanda ya samu fiye da rabi ya ci, in ba haka ba biyun da ke gaba su je zagaye na biyu a Nuwamba.

Mai karatu a Najeriya zai tuna da Anambra da Kogi da Bayelsa da Edo da Ondo da Ekiti da Osun da Imo, waɗanda su ma ba sa zaɓen gwamna tare da sauran ƙasa. Kamannin a sama ne kawai. A Najeriya hukuncin kotu ne ya karkatar da kalandar waɗannan jihohi, kamar yadda ya faru a Anambra da aka rantsar da Peter Obi a Maris 2006 bayan doguwar shari'a, kuma majalisun dokokinsu suna nan a cikin babban zaɓe. A Amurka da gangan aka tsara abin.

New Jersey ce ta fi fito da manufar a fili. Lokacin da aka rubuta sabon kundin tsarin mulkinta a 1947, a zamanin Gwamna Alfred Driscoll, hujjar da aka kafa ita ce a raba al'amuran jiha da guguwar siyasar ƙasa, ta yadda mai zaɓe zai duba batun haraji da makarantu da hanyoyin jiharsa, ba farin jinin ɗan takarar shugaban ƙasa ba. Abin da ake gudu shi ne abin da masu zaɓe a arewacin Najeriya suke kira sak, inda ƙaunar mutum ɗaya a sama take kwaso duk wanda ya raɓe shi har ƙasa. Hujja ce mai ma'ana. Sai dai tana da wata fuskar da ba a cika faɗa ba, kuma tarihin Virginia ya nuna ta. A tsakiyar ƙarni na 20 ragamar jihar tana hannun gungun 'yan Dimokurat masu ra'ayin mazan jiya ƙarƙashin Sanata Harry Byrd, waɗanda ƙarfinsu ya dogara ga ƙarancin masu zaɓe. Akwai harajin da sai an biya kafin a yi zaɓe, wanda ya hana baƙaƙen fata da talakawan Turawa da yawa kaɗa ƙuri'a, har Kotun Ƙoli ta soke shi a 1966. Sannan ga kalandar shekarar mara, wadda ta ba jihar damar zaɓen Eisenhower na Rifablikan a matsayin shugaban ƙasa a 1952 da 1956 ba tare da mutanen Byrd sun ji ko ƙwarzane a majalisar jiha ba.

Alƙaluman fitowar masu zaɓe sun isa shaida cewa ranar zaɓe ita ma siyasa ce. A Virginia, kimanin kashi 75 cikin ɗari na masu rajista suka fito a zaɓen shugaban ƙasa na 2020. A zaɓen gwamna na 2021 adadin ya sauka zuwa kimanin kashi 55. A 2015, shekarar da babu takarar gwamna sai ta 'yan majalisa zalla, kashi 29 ne kacal, kuma a New Jersey a wannan shekarar bai wuce kashi 22 ba. Waɗanda suke fitowa a irin wannan rana ba su ne hoton jama'ar jihar ba. Galibi dattawa ne, masu gidajen kansu, waɗanda suka daɗe a unguwa ɗaya, da kuma 'yan ƙungiyoyin da ke da abin rasawa, kamar ƙungiyoyin malaman makaranta da na ma'aikatan gwamnati da majami'u da masu kare 'yancin mallakar bindiga. Masaniyar siyasa Sarah Anzia ta yi bincike mai zurfi a kan wannan, ta nuna cewa idan zaɓe ya fita daga kalandar tarayya, ƙungiyoyi masu tsari ne suke cin riba, domin ƙuri'a dubu biyu da za ta ɓace a babban zaɓe tana iya yanke hukunci a ƙarami. Shi ya sa muhawarar mayar da zaɓuɓɓukan nan zuwa shekarar cika take tasowa a kai a kai, kuma take mutuwa a kai a kai: waɗanda za su sauya dokar su ne waɗanda tsohuwar kalandar ta kawo su kan kujera.

Ƙarancin masu zaɓe yana kuma haifar da abin mamaki. A 2021 Steve Sweeney na Dimokurat, wanda ya shafe shekaru fiye da goma yana shugabancin majalisar dattawan New Jersey, ya sha kaye a hannun Edward Durr na Rifablikan, direban babbar motar ɗaukar kaya wanda kuɗin yaƙin neman zaɓensa bai taka kara ya karya ba. Shekara biyu bayan haka Dimokurat ta shirya ta karɓe kujerar. A Mississippi kuwa an yi irin na Newport News tun kafin na Newport News. A 2015 Bo Eaton na Dimokurat da Mark Tullos na Rifablikan sun tashi da ƙuri'a 4,589 kowannensu, aka ja kara, Eaton ya jawo mai tsawo. Amma majalisar wakilan jihar, wadda ke da hurumin yanke hukunci a kan zaɓen mambobinta, ta saurari ƙorafin Tullos a Janairun 2016, ta yi watsi da wasu ƙuri'u, ta ba shi kujerar. Da ita Rifablikan ta cika kujeru 74 cikin 122, wato kashi uku bisa biyar da ake buƙata kafin a zartar da dokar haraji ba tare da neman goyon bayan 'yan adawa ba.

Wanda bai san tsarin Amurka ba zai iya ɗaukar majalisar jiha a matsayin ƙaramin abu. Ba haka ba ne. Yawancin dokokin da ke taɓa rayuwar Ba'amurke ta yau da kullum daga can suke fitowa: hukuncin manyan laifuka, kasafin makarantu, mafi ƙarancin albashi a jiha, lasisin bindiga, ƙa'idojin rajistar zaɓe, kuma a mafi yawan jihohi har da shata iyakokin mazaɓun majalisar tarayya bayan ƙidayar da ake yi duk shekara goma. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yunin 2022 cewa batun zubar da ciki ya koma hannun jihohi, nauyin ya ƙaru. Virginia ta nuna yadda 'yan kujeru ke sauya alƙibla. Bayan girgizar 2017, wasu 'yan Rifablikan suka bi Dimokurat aka faɗaɗa shirin inshorar lafiya na masu ƙaramin ƙarfi a 2018, abin da suka shafe shekaru suna hanawa. Da Dimokurat ta karɓe majalisun biyu a 2019, sai aka soke hukuncin kisa a 2021, Virginia ta zama jihar kudu ta farko da ta yi hakan, duk da cewa a tsawon tarihinta tun zamanin mulkin Ingila babu jihar da ta kai ta zartar da shi.

Zaɓen cike gurbi wani babi ne daban, ko da yake tushensu ɗaya. 'Yan majalisun jihohi a Amurka sun haura 7,300, a zauruka 99, domin kowace jiha tana da majalisa biyu in ban da Nebraska mai guda ɗaya. A cikin wannan adadi ba a rasa mai rasuwa, ko mai murabus saboda abin kunya, ko wanda ya samu babban muƙami. Akwai kuma masu ajiyewa don aikin ba ya riƙe gida: ɗan majalisar wakilan Virginia albashinsa dala 17,640 ne a shekara, na New Hampshire kuwa, inda wakilai suka kai 400, dala 100 kacal. Kundin tsarin mulkin tarayya ya wajabta yin zaɓe idan kujerar majalisar wakilai ta tarayya ta zama babu kowa, amma bai ce komai game da majalisun jihohi ba. Saboda haka kusan rabin jihohin suna kiran zaɓen cike gurbi, sauran kuma suna naɗawa. A Colorado da Indiana da Illinois 'yan kwamitin jam'iyyar wanda ya bar kujerar ne ke zama su zaɓi magaji. A Maryland jam'iyya ce ke miƙa suna, gwamna ya naɗa. A Ohio 'yan jam'iyyarsa na cikin zauren ne ke zaɓa. Naɗi yana da sauri, ba ya cin kuɗi, yana kuma mutunta jam'iyyar da jama'a suka zaɓa tun farko, amma yana buɗe wata ƙofa: ɗan majalisa ya yi murabus ana saura watanni wa'adinsa ya ƙare, a naɗa wanda yake so, shi kuma ya shiga zaɓe yana mai riƙe da kujera. Zaɓe ya fi kama da dimokuraɗiyya, sai dai mazaɓa tana iya shafe watanni ba ta da wakili, kuma a ƙarshe mutane ƙalilan ne za su fito.

Inda ake zaɓe, wanda ke da ikon sa rana yana riƙe da makami. A ƙarshen 2017 'yan majalisar Wisconsin biyu suka ajiye kujerunsu suka shiga gwamnatin Gwamna Scott Walker na Rifablikan. Da Dimokurat ta lashe wani zaɓen cike gurbi a Janairun 2018 a yankin da aka ɗauka na Rifablikan ne, Walker ya ci gaba da barin waɗancan kujeru biyu babu kowa da hujjar cewa zaɓe ɓarnar kuɗi ne tunda zaman majalisa ya kusa ƙarewa. Sai da kotu ta tilasta shi a watan Maris, kuma alƙaliyar da ta fara yanke hukuncin shi ne ya naɗa ta. Aka yi zaɓen a Yuni, Dimokurat ta ci ɗaya daga cikin biyun.

Abin da ya ƙara wa irin waɗannan zaɓuɓɓuka daraja a 'yan shekarun nan shi ne yadda rinjaye a majalisu da yawa ya zama siriri kamar zare. A Pennsylvania, Dimokurat ta ci kujeru 102, Rifablikan 101, a Nuwamban 2022. Amma ɗaya daga cikin waɗanda suka ci, Tony DeLuca, ya rasu tun watan Oktoba, lokacin da an riga an buga takardun zaɓe, kuma jama'ar mazaɓarsa suka sake zaɓensa da gagarumin rinjaye. Wasu biyu, Summer Lee da Austin Davis, suka bar kujerunsu, ita ta tafi majalisar tarayya, shi kuma ya zama mataimakin gwamna. Ranar buɗe majalisa jam'iyyar da ta ci zaɓe tana da mutum 99, wadda ta faɗi tana da 101, kowacce tana cewa ita ce mai rinjaye, har suka kai juna kotu a kan wanda ke da ikon sa ranar cike gurbi. Sai bayan zaɓuɓɓuka uku na 7 ga Fabrairun 2023 ƙura ta lafa, Joanna McClinton ta Dimokurat ta zama mace ta farko da ta riƙe kujerar kakakin majalisar. A Michigan, wakilai biyu na Dimokurat suka ci zaɓen magajin gari a Nuwamban 2023, majalisa ta koma 54 da 54, manyan ƙudurori suka tsaya cak har tsakiyar Afrilun 2024.

Na Minnesota ya fi kowanne zafi. Zaɓen 2024 ya raba majalisar wakilai 67 da 67, sai kotu ta gano cewa wani zaɓaɓɓen ɗan Dimokurat ba ya zaune a mazaɓar da ya ci, ta hana shi kujerar. Rifablikan ta ce yanzu ita ke da rinjaye da 67 da 66, 'yan Dimokurat suka ƙaurace wa zauren na makonni don kada adadin da ake buƙata ya cika, Kotun Ƙolin jihar ta ce sai da mutum 68 zama yake halatta, daga nan aka zauna aka raba iko. A Yunin 2025 wani ɗan bindiga ya kashe jagorar 'yan Dimokurat a majalisar, Melissa Hortman, tare da mijinta a gidansu, kuma cike gurbinta a watan Satumba shi ne ya sake mayar da majalisar kunnen doki.

Wani lokaci kuma gurbi ɗaya yana haifar da wani. Da Suhas Subramanyam na Dimokurat ya ci kujerar majalisar tarayya daga arewacin Virginia a 2024, kujerarsa ta majalisar dattawan jiha ta zama babu kowa. Wani ɗan majalisar wakilai, Kannan Srinivasan, ya ajiye tasa don ya neme ta. Sai ga zaɓuɓɓuka biyu a rana ɗaya, 7 ga Janairun 2025, cikin dusar ƙanƙara, alhali rinjayen Dimokurat a zaurukan biyu, 21 da 19 da kuma 51 da 49, duk yana rataye a kansu. Ta riƙe duka biyun.

Saura batun da kafofin labarai suka fi so, wato ɗaukar waɗannan zaɓuɓɓuka a matsayin ma'aunin abin da zai faru a babban zaɓe. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tun 1977, jam'iyyar da ke fadar White House tana faɗuwa a zaɓen gwamnan Virginia, in ban da 2013 da Terry McAuliffe na Dimokurat ya ci a zamanin Obama. Nasarorin Dimokurat a zaɓuɓɓukan cike gurbi na 2017 sun kasance juma'ar da aka gane tun daga laraba, domin jam'iyyar ta karɓe majalisar wakilan tarayya a 2018. Amma a ganina an fi ƙarfin ma'aunin da tambaya. A 2023 Dimokurat ta yi rawar gani a cike gurbi, ta kuma riƙe majalisar dattawan Virginia ta karɓe ta wakilai, har Don Scott ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe kujerar kakaki a majalisar da tarihinta ya faro tun 1619. Shekara guda bayan haka Donald Trump ya ci zaɓe. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: tun zuwan Trump, masu digiri da mazauna unguwannin gefen birane, waɗanda ba sa fashin zaɓe ko da na mai unguwa ne, sun karkata ga Dimokurat, yayin da Rifablikan ta ƙara dogaro ga mutanen da sai sunan Trump yana kan takarda suke fitowa. Abin da ƙaramin zaɓe yake aunawa shi ne wane ɓangare ne ya fi fushi ya kuma fi tsari a wannan watan, ba ra'ayin ƙasa baki ɗaya ba.

Ko da an ajiye hasashe gefe, sakamakon 2025 ya sauya abubuwa a aikace. A Iowa, Mike Zimmer na Dimokurat ya ci kujerar majalisar dattawa a Janairu a mazaɓar da Trump ya lashe da tazarar maki 21, sannan a Agusta Catelin Drey, ita ma ta Dimokurat, ta ci wata, wadda ta rage kujerun Rifablikan zuwa 33 cikin 50, ƙasa da kashi biyu bisa uku da ake buƙata don tabbatar da waɗanda gwamna ta naɗa. A Mississippi, kotun tarayya ta ce taswirar mazaɓu ta rage ƙarfin ƙuri'ar baƙaƙen fata, ta sa aka sake shata wasu aka yi zaɓe na musamman a Nuwamba, Rifablikan ta rasa rinjayenta na kashi biyu bisa uku a majalisar dattawa. A Virginia, Abigail Spanberger ta Dimokurat ta zama mace ta farko da aka zaɓa gwamna, Dimokurat ta kai kujeru 64 a majalisar wakilai, Ghazala Hashmi ta Dimokurat kuma ta ci kujerar mataimakiyar gwamna, Musulma ta farko da aka zaɓa a muƙamin da ya game jiha sukutum a tarihin Amurka. Hashmi 'yar majalisar dattawan jihar ce a lokacin, a zauren da jam'iyyarta ke da 21 cikin 40, don haka tun ba a gama murnar nasararta ba aka shiga shirin zaɓen cike gurbinta a yankin Richmond.